Tun da aka ba ni hedimasta, in na shiga ɗakin malamai sai hira ta tsaya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, shekaruna 36. A farkon zangon da ya wuce aka ba ni hedimasta a makarantar da na yi shekara tara ina koyarwa. Malamai 14 ne a ƙarƙashina, huɗu sun girme ni, har da wanda ya koyar da ni a aji huɗu. Da na kama aiki na ga latti da fashi sun yi yawa, sai na fara jan layi a rajistar zuwa da ƙarfe 7:45, ina kiran sunayen waɗanda suka makara a asambili, ina kuma tura umarni ta zaurenmu na WhatsApp. Latti ya ragu. Amma yanzu in na shiga ɗakin malamai sai kowa ya yi shiru. Malamina na aji huɗu ya daina kiran sunana, sai "ranka ya daɗe". Abokaina biyu da muke cin abinci tare suna cewa na canza. A taro ba mai cewa uffan. Ni ba mai yawan magana ba ne, ban iya raha irin ta tsohon hedimasta ba. In sassauta ne, ko in nemi a mayar da ni aji?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sassauta a kan lokacin zuwa, kuma kada ka nemi komawa aji. Dokar da ka kafa daidai ce, yara ne ke cin moriyarta. Hanyar da ka bi da ita ce ta raba ka da malamanka, kuma hanyar tana gyaruwa.

Mu fara da kiran suna a asambili, domin shi ne ya fi yin ɓarna. Ka hango abin daga inda malamin yake tsaye. Mutum mai furfura ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ɗaruruwan yara a layi sun juyo suna kallonsa, an kira sunansa cikin masu latti. Minti goma bayan haka shi ne zai shiga aji ya ce wa waɗannan yaran su yi shiru. Kwarjinin da yake riƙe aji da shi ka rage masa, kuma kai ne za ka fara jin zafin haka ranar da ajin ya gagare shi. Mutumin Hausa yana iya haƙura da a rage masa kuɗi, amma cin fuska a gaban yara yana daɗewa a zuciya. Ka daina daga gobe.

Dainawa kaɗai ba ta isa ba, sai ka faɗa da bakinka. A taron malamai na gaba, kafin a shiga komai, ka ce musu: "Kiran suna a gaban yara kuskure ne na yi, ku yafe mini, ba zai sake faruwa ba. Layin 7:45 yana nan, kuma ya hau kaina kamar yadda ya hau kan kowa." Iyakarta ke nan. Kada ka ƙara da "amma ku ma ai...", domin wannan "amma" ɗin tana goge neman gafarar gaba ɗaya. Kada kuma ka riƙa maimaitawa kowane mako. Sau ɗaya da gaske ya wadatar. Malaminka na aji huɗu da ka ambata shi kam sai ka same shi daban, za mu zo kansa.

Akwai abin da sababbin shugabannin makaranta kan manta. Albashi ba a hannunka yake ba. Ƙarin girma, canjin wurin aiki da sallama duk suna hannun ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Malamanka sun san haka sarai. Don haka shugabancin da aka ɗora a kan tsoro ba ya nisa a firamare: za su zo 7:40, su sa hannu, su shiga aji su zauna, a rubuta wa yara layi uku a allo a kira shi darasi. Rajista za ta yi kyau, karatu bai motsa ba. Abin da ke hannunka ƙanana ne a ido, amma su malami yake ji a jikinsa kullum: wa aka ba wane aji, darasin wa aka sa a farkon safiya, wa ake ba izini in uzuri ya taso, wa ake turawa bita mai alawus, wa ke aikin mako, da kuma ko za ka tsaya masa ranar da uban yaro ya zo da faɗa ko jami'in duba makarantu ya dira ba sanarwa. A nan ake auna hedimasta. Ka ɗauki batun bita kawai: ka rubuta sunayen duka malamai 14 a takarda, ka manna a ɗakin malamai, duk wanda ya je a ja masa alama, ba ya sake zuwa sai layi ya zagayo, sai fa in bitar ta wani darasi ce ta musamman, wannan ma ka bayyana dalili. Takarda ɗaya irin wannan tana kashe ƙorafin da lallashin wata uku ba zai kashe ba.

Daga wasiƙarka mun lura da wani abu da ba ka faɗa kai tsaye ba: ka koma ofis. Rajista tana kan teburinka, umarni yana fita ta waya, ɗakin malamai ya zama wurin da kake "shiga", ba wurin da kake zama ba. A nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, akwai magana ɗaya da yake ta nanatawa, cewa tushen kowace masifa shi ne mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Ofishin hedimasta bai fi taku biyar ba, amma yana iya zama shamaki kamar soron fada. Hirar da ke tsayawa in ka shigo tana tsayawa ne don ka zama baƙo, kuma an saba duk shigowarka da wani umarni take zuwa. Maganinsa yawan zama ba tare da buƙata ba. In an tashi tara, ka ɗauki shayinka ko ƙosanka ka je can ka zauna, aƙalla sau uku a mako, kada ka ta da zancen aiki ko ɗaya. Makon farko za a yi shiru, ka daure. Wajen mako na uku wani zai manta kana wurin ya ci gaba da labarin ƙwallo ko tsadar taki.

Zauren WhatsApp ka bar shi don sanarwa: ranar taro, ranar jarrabawa, takardar da ta zo daga ofishin ilimi. Faɗa ko gyara kada ya bi ta can, kuma ka daina tura saƙon aiki bayan sallar isha'i. Rubutu ba shi da murya, mai karantawa shi ke sa masa sautin da ya ga dama, kuma wanda ransa ya riga ya ɓaci da kai mugun sauti zai sa masa. Zuwa da kai ya fi aike.

Sai aikin da muke ganin ya fi kowane muhimmanci, wato zama da kowane malami shi kaɗai. Uku a mako, minti 15 zuwa 20 kowanne, cikin mako biyar ka gama da duka 14. Kada a yi a ofis da tebur a tsakani, domin duk wanda aka kira ofis da shirin kare kansa yake zuwa. Ka same shi a ajinsa bayan an tashi, ko ku zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Malamai mata kuwa a fili inda ake ganinku, ƙofa a buɗe, don kare mutuncinsu da naka. Tambaya uku ta isa: me ya fi wahalar da kai a wannan aikin yanzu? Me kake ganin mun daɗe muna yi ba daidai ba a makarantar nan? Wane abu ɗaya zan yi maka da zai sauƙaƙa maka? Daga nan ka yi shiru. Amsar farko kusan kullum "ba komai, alhamdu lillahi" ce, kunya ce da taka-tsantsan. Kada ka yi saurin cike shirun da naka bayanin. In ka jira kaɗan, ko ka ce "na ga ajinka ya cika bana", maganar gaskiya za ta fito. Kada ka yi rubutu a gabansa, littafi da biro suna mayar da hira bincike. In ya tafi ka rubuta. Kuma kada ka kare kanka ko da ya faɗi abin da kake ganin ba haka yake ba. Babba juji ne.

Inda wannan zama yake lalacewa shi ne a saurara a watsar. Cikin abin da kowa ya faɗa ka zaɓi ɗaya da kake iyawa, ka yi shi cikin mako biyu: allon da ya koɗe a shafa masa baƙi, ƙofar ajin da ba ta rufuwa a kira kafinta, darasi biyu a jere da ke gajiyar da wata malama a raba mata. Abin da ya fi ƙarfinka, kamar ƙarin girman da ya maƙale, ka ce masa ya fi ƙarfinka, amma za ka rubuta ka kai da hannunka, sannan ka dawo masa da abin da aka ce, ko da "ba a ce komai ba" ne. Alkawari ɗaya da ka manta ya fi rashin zaman illa.

Yanzu malaminka na aji huɗu. Wannan "ranka ya daɗe" ɗin nisa yake nunawa, yana gaya maka cewa tun da ka ɗauke shi ma'aikaci kawai, shi ma zai ɗauke ka shugaba kawai. Ba a gyara wannan a makaranta. Ka je gidansa bayan la'asar, ranar da ba aiki, ka yi sallama a ƙofa kamar kowane ɗalibi, ka zauna ƙasa da inda ya zauna. Ka riƙe ɗan abin hannu, goro ko sukari, abin da al'adar garinku ta saba. Ka ce masa: "Malam, an ɗora mini kaya, na fara da kuskure, na zo ka gyara mini." Zai yiwu ya yi maka faɗa, ka saurara har ƙarshe. Ka roƙe shi ya koma kiran sunanka in kuna ku biyu. Sannan ka ba shi gurbi na gaske: ya riƙa duba shirin darasin sababbin malamai da ɗaliban NCE masu zuwa gwajin koyarwa, ya jagoranci sasanci in an samu saɓani da iyaye, shi zai yi magana a madadin makaranta in an je ta'aziyya. Kafin kowane taro ka nuna masa abin da za a tattauna, ka ji ta bakinsa. Dattijon da aka shawarta tun a gefe ba ya tsayawa a taro ya rushe abin da ya riga ya sa wa albarka, kuma sauran ukun da suka girme ka shi suke kallo.

Sai dai a kula, girmamawa ba ta cire shi daga rajista. In ya makara, sunansa ƙarƙashin layi zai shiga kamar na kowa. Ranar da matasan malamai suka ga an ɗaga wa dattijo ƙafa, dokar ta mutu. Yawancin dattawa ma sun fi son a bar su cikin doka a girmama su, da a cire su a riƙa yi da su a bayan ido.

Ga yadda za ka riƙe maganar latti ba tare da tozarci ba. Na farko da na biyu a wata, layi kawai, ba magana. Na uku, ka same shi ku biyu, kuma tambaya za ka fara yi: lafiya? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban nauyi ga mai ƙaramin albashi. Akwai malamin da ke jiran wani mai babur ya rage masa hanya, akwai malamar da sai ta kai jariri wajen raino kafin ta nemi adaidaita sahu. Wasu dalilan jadawali ke magance su: darasin farko a ba na kusa, na nesa a fara nasu daga na biyu, su kuma su ɗauki na ƙarshe ko aikin tashi. Ka yi wannan a fili, kowa ya san dalili da abin da aka musanya, kada ya zama alfarmar ɓoye. In an gyara abin da za a iya gyarawa mutum bai canza ba, sai gargaɗin baki a gaban mataimakinka, a rubuta ranar. Bayan shi takardar tuhuma. Ka bayyana waɗannan matakai tun yanzu, kowa ya san abin da ke gaba. Kai kuma ka riga kowa zuwa, 7:20 kana makaranta, ranar da ka makara ka sa hannu ƙarƙashin layin da mataimakinka ya ja.

Ka koma riƙe alli. Darasi shida zuwa takwas a mako, kuma ka zaɓi wanda ake gudu: lissafin aji shida, ko karatun 'yan aji ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kai ka san adadin da ke zaune a ƙasa a ajin ɗaya na makarantarka. Wanda ke fita daga irin wannan aji da ƙurar alli a hannun riga da murya a dishe, in ya yi maganar shirin darasi ana jinsa. Naka shirin darasin ma ka ba mataimakinka ya duba ya sa hannu.

Shirun taro yana da dalilin da ba ya rasa nasaba da tarbiyyarmu. In babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ƙarami ba ya musa masa a bainar jama'a. Idan kai ne ke buɗe taro da "na yanke shawarar...", ka rufe bakin kowa da kanka. Ka juya tsarin. Taro sau ɗaya a mako biyu, minti 40, batu bai wuce uku ba, a sanar da su kwana biyu kafin ranar. Ka ajiye matsalar ba tare da maganinta ba, ka fara tambayar mafi ƙanƙanta a aiki, a hau zuwa dattawa, kai ne na ƙarshe. Malamai mata sukan taru a baya su yi shiru ko da sun fi kowa sanin halin ƙananan azuzuwa; ka kira su da suna ka tambaye su, ko ka roƙi babbar cikinsu ta tattaro ra'ayinsu kafin taro. Masu aikin sa-kai da waɗanda kwamitin iyaye ke biya su ma a ba su kujera. Kuma ka raba batutuwa biyu a fili: wanda umarni ne daga sama, ka ce umarni ne, ba a ɓata lokaci, wanda na shawara ne, to ya zama shawarar gaske, har wani lokaci a bar naka ra'ayin a ɗauki na wani, ka kuma ambaci mai shi. Ayar da ta umarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yin shawara da sahabbansa, ta 159 a Suratu Ali Imrana, ita ce dai ta ce da ya kasance mai kaushin hali da sun watse daga gare shi.

In za ka duba koyarwa, ka sanar tun jiya, ka zauna a baya har darasin ya ƙare, kada ka gyara malami a gaban yara ko da ya yi kuskure a allo. Bayan an tashi ka faɗi abu biyu da suka yi kyau, takamaimai, da ɗaya da za a gyara. Ka dawo bayan mako biyu ka duba wannan ɗayan.

Abokanka biyu suna da gaskiya ta wani ɓangare, ka canza, domin kujerar ta canza. Ka gaya musu a sarari cewa zumunci yana nan, za ka je gidajensu kamar da, amma a makaranta ba za su samu abin da wani bai samu ba, kuma ba za ka riƙa tattauna sauran malamai da su ba. Abincin da kuke ci ku uku a mayar da shi ɗakin malamai inda kowa zai iya sa hannu. Nan gaba kaɗan kuma wani zai fara zuwa ofis da "ka san abin da wane ya ce a kanka?" Irin wannan yana da daɗin ji ga shugaban da ke jin kaɗaici, shi ya sa yake da haɗari. Ka tambaye shi ko zai maimaita a gaban wanen. In ya ce a'a, ka ce to a bar maganar. Sau biyu za ka yi haka ya daina, sauran kuma su samu labarin cewa ofishinka ba kasuwar tsegumi ba ce.

Kuɗi kada ya kwana a aljihunka. Na kwamitin kula da makaranta (SBMC) ne ko na iyaye, a sa hannu biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a allon sanarwa ƙarshen kowane wata. Asusun taimakon juna ko adashin malamai su zaɓi mai riƙewa, kai ka zuba naka kamar kowa. Kada ka ci bashin wanda ke ƙarƙashinka. Suna, biki, dubiya da ta'aziyya kuwa ka je na kowa ko ka aika da uzuri, har na maigadi da mai shara. In ka je sunan wani ka tsallake na wani, an gani, kuma an rubuta a zuci.

Game da rashin iya raha, kada ka kwaikwayi tsohon hedimasta. Barkwancin aro ana gane shi nan take, kuma ka tuna cewa da raharsa ka gaji latti da fashin da kake fama da su. Mai shiru yana da nasa kayan aiki: yana saurare, yana riƙe abu, maganarsa tana da nauyi don ba ta da yawa. In malami ya ce maka mahaifiyarsa tana asibiti ranar Litinin, ka tambaye shi jikinta ranar Alhamis. In uban yaro ya shigo yana ɗaga murya a kan wata malama, ka tare shi a ƙofa, ka kai shi ofis, ka ji ƙorafinsa, ka ce za ka bincika; in malamar ce da laifi ka gaya mata ku biyu bayan ya tafi. In jami'in dubawa ya yaba, ka kira sunan malamin da ya yi aikin. In ya kushe, ka ce "ni ne da alhaki, za mu gyara".

Ka ba wannan zango guda cur, kimanin mako 13, kafin ka auna. Kada ka auna da yawan gaisuwa ko murmushi. Alamar farko ita ce wani ya zo ya gaya maka matsala tun kafin ta fashe, misali ya ce gobe zai makara saboda kaza, ya riga ya roƙi wane ya riƙe masa aji. Ta biyu, wani ya ce maka "Malam, ni ban ga haka ba" a tsakiyar taro. Zai yiwu ɗaya ko biyu su ƙi saukowa duk abin da ka yi, musamman wanda ya sa rai da kujerar. Wannan ka ci gaba da ba shi haƙƙinsa cif, layinsa na bita ya zo ka tura shi, ka gaishe shi kullum, laifinsa kuma ka bi matakan nan da shi a rubuce, da kwanan wata da shaida, domin in magana ta kai ofishin sakataren ilimi takarda za a tambaye ka.